Dalma a Cikin Ƙota

Harbin farko ya tashi lafiya. Farantin yumɓun da inji ya cilla ya tarwatse a sama ya zama ƙura ruwan lemo. Faranti na biyu kuwa ya ratsa ta gaban itatuwa hankalinsa kwance, ya je ya faɗa cikin ciyawa ko ƙwarzane babu, domin bindigar Ornella ta cije. Kwanson harsashi ya maƙale a 'yar tagar gefe, rabi a ciki rabi a waje.

"To fa," in ji Fulvio, yayanta, wanda filin harbin yake hannunsa. "Ƙanwata, wa ya gyara miki wannan abin? Faɗa min sunansa in hana mutane kai masa ko da keken ɗinki."

Egidio na tsaye a bayansu, hannu cikin aljihu. Shi ne mijin Ornella, shi ne kuma ya gyara bindigar, kuma Fulvio ya san duka biyun sarai.

"Harsashinka ne," in ji Egidio. "Ka jibge shi a ɗakin da ke yoyo."

"Harsashina? Wanda kowa ke harbawa tun safe bai ƙi ba? Sai da ya ga fuskarka ya ji kunya?"

Ornella ba ta yi dariya ba. Ta ja sakatar bindigar da hannun hagu, kwanson ya faɗo, ta sake ɗurawa ta ce, "Saki." Faranti biyu suka fito. Ta fasa na farko, bindigar ta sake cijewa. Ta miƙa wa mijinta bindigar ba tare da ta dube shi ba, ta cire abin toshe kunne, ta nufi mota.

A garin Gardone da ke cikin kwari tsakanin duwatsu, inda kowane gida in ka leƙa bayansa sai ka tarar da wani yana gogar ƙarfen bindiga, ba ƙaramin abin kunya ba ne a ce bindigar matar Egidio Belleri tana cijewa. Mutumin da maharban gasa ke tasowa daga ƙasashen waje su kawo masa nasu, su zauna a benci suna jira kamar masu ganin likita. Amma ba kunyar ce ta hana shi cin abincin rana ba.

Ornella ce. Duk wanda ya girma a kwarin nan ya san harbinta. Tun tana budurwa take bin mahaifinsu kan dutse, kuma ta yi shekaru tana raba maza da kofin gasar kaka, suna komawa gida suna cewa iska ce ta cuce su. Sai bara likitoci a Brescia suka sami ciwon daji a ƙirjinta na dama. Suka yi aiki, suka cire abin da za su cire har zuwa hammata. Ta dawo gida da rai, amma ta wuce sanyin bara gaba ɗaya a kujera ɗaya bakin taga, tana kallon dusar ƙanƙara a kan dutsen Guglielmo. Matar da ake jin muryarta daga kan gadar kogin Mella ta koma "to" da "a'a". Egidio yakan tsaya a ƙofar falo ya dube ta, tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a ranar aikin.

Da bazara ta yi nisa, wata safiya tana shan kofi ta ce, "Ka gaya wa Yaya ya sa sunana a gasar kaka." Likita ya yarda, da sharaɗin a bi a hankali. Tsohuwar bindigarta mai baki biyu shurinta da zafi, ga shi sai an buɗe ta a tsakiya da hannun dama don sa harsashi bayan kowane harbi biyu, hannun kuwa bai gama dawowa ba. Don haka ta zaɓi mai ɗana kanta, ta ce ya daidaita mata. Ta kuma ƙara magana ɗaya.

"Ba na tsoron kuskure, Gidio. Na sha yi. Amma in bindiga ta tsaya min a gaban mutanen nan suka fara dubana suna 'Allah sarki', na rantse ba za ka sake ganina a filin nan ba."

Ya san ba ta rantsuwar banza. Ya kuma san inda za ta koma ta zauna.

Irin wannan bindigar, wanda ya fara tunaninta ya cancanci a cire masa hula. Ba bututun iska, ba tarkace. In an harba, bindigar gaba ɗaya takan zabura baya. Sakatar da ke cikinta kuwa, saboda nauyinta, takan yi gardama ta tsaya inda take na ƙiftawar ido, sai ta matse wani gajeren sifirin mai tauri. Sifirin ɗin ya huce haushinsa a kanta ya wurga ta baya, ta tofar da kwanso, ta ɗauko sabon harsashi a hanyar dawowa. Shi ke nan. Da shurinta take aiki. Egidio ya buɗe irinta sun fi a ƙirga, kuma har yau in ya riƙe sifirin ɗin nan a tafin hannu sai ya girgiza kai don mamaki. Ya sha faɗa wa masu kawo masa gyara, yana nuna su da magagari: kada ku ƙara mata nauyi, in kun hana ta motsi kun hana ta ci.

To, shi da bakinsa ya faɗa. Amma ranar da ya ɗora bindigar matarsa a kan teburi, ya tuna wurin da ƙotar za ta zauna, sai ya narka dalma. Ya zuba curi guda a ramin ƙotar, ya naɗe da tsumma don kada ta yi ƙara. Ya sa wani ƙaramin curin a gaba ƙarƙashin bututu, ya daidaita nauyin yadda a ganinsa ba mai ganewa. Ya nemo harsashi mafi sauƙin albarushi da Fulvio ke sayarwa a filinsa. Bindiga ta yi laushi, ko yaro ya harba ba zai ji ba. Sai dai ta daina aiki.

Mutum in ya ƙudura yaudarar kansa, gwaninta ma taya shi take yi. Kwanakin da suka biyo bayan Asabar ɗin da ta cije a filin Fulvio, Egidio ya yi wa bindigar nan duk abin da ake yi wa bindiga, ban da abu ɗaya. Ya goge hanyar sakata har yana ganin gashin hancinsa a ciki. Ya sauya wani sifirin da ke cikin ƙota da mai laushi. Ya rage kaifin haƙorin da ke fizgo kwanso, ya sauya mai, ya sake sauyawa. Sai ya fita bayan shago inda yake da ramin yashi, ya riƙe ta sako-sako nesa da kafaɗa ya harba. Ta tofar, ta ɗauka. Ya ce wa kansa an gama. Ya manna ta a kafaɗa yadda maharbi na gaske ke yi, ta cije.

Ranar Laraba Fulvio ya leƙo, wai ya zo aron man goge ƙota.

"Maƙerin sarakuna, ya jikin marar lafiyar?"

"Wacce?"

"Ta kan teburin. Ta gidan na san ta fi ka lafiya." Ya sassauta murya. "Ka dai san dokarmu. Ta cije sau biyu in yafe, na uku asara zan rubuta, ko da uwa ɗaya ta haife mu. Ba zan iya yi mata alfarma a gaban mutane ba, kashe ni za ta yi."

"Na sani."

"To me ke damun abin? Kai fa ko agogon coci ka taɓa sai ya gyaru."

"Ka ɗauki manka ka tafi, Fulvio."

Washegari da yamma, rana ta kusa faɗawa bayan dutse, yana sunkuye a kan sakatar karo na ba adadi, sai ya ji an turo ƙofa. Ornella ce da kofi biyu a faranti. Rabonta da shigowa shagon tun kafin asibiti. Ta ajiye farantin, ta dubi ƙarafan da ya baza, ta ce, "Haɗa ta."

Ya haɗa. Ta karɓa, ta duba ciki ta tabbatar ba harsashi, ta ɗora ta a kan yatsu biyu tana lilo. Sannan ta ƙwanƙwasa ƙotar da bayan yatsa, kusa da kunnenta, yadda ake gwada kankana.

"Gidio, me ka cusa a nan?"

"Haka itacen yake. Icen kan dutse ne mai nauyi."

"Kunnenka ya yi ja."

"Zafin fitila ne."

"Miƙo sukudireba."

Bai miƙa ba, sai ta ɗauka da kanta. Ta kwance robar bayan ƙota, ta juya bindigar ta buga a tafin hannu. Curin dalmar ya zamo da tsummansa ya faɗi a kan teburi, ƙum. Kofunan da ta kawo suka yi tsalle.

"Da na gaban," ta ce.

Ya sha jinin jikinsa. "Yaushe kika gane?"

"Ranar da ka fara miƙo min ita. Kana tsammani hannun da ya yi shekara arba'in yana ɗaukar bindiga ba zai san an yi mata ciki ba? Shiru na yi in ga ko za ka faɗa. Ashe gara ka goge ƙarfe har ya ƙare."

"Za ta buge ki a kan ɗinkin, Ornella." Muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya so. "In na cire wannan na sa harsashin gasa, faranti ɗari za ki harba. Sau ɗari tana dukan wurin. Ni zan ɗaura miki abin da zai riƙa dukanki da hannuna?"

"A kan ɗinkin? Ina ɗinkin yake?"

"Ban gane ba."

"Nuna min inda yake. Ka ce a kansa za ta zauna, to ka san wurin ke nan." Ta jira. "Ba ka sani ba. Tun da aka cire bandeji, duk sanda zan cire riga sai ka tuna ba ka rufe tagar kicin ba. Tagar nan ta sha rufewa, wallahi. Baƙo ya taso daga Sifen, ka auna wuyansa, ka auna hannunsa, ka shafa kumatunsa kamar za ka yi masa aski. Ni matarka ka gyara min bindiga da ka."

Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa abin ya fi shigarsa. Gaskiya ta faɗa. Bai taɓa yanka ƙota ga wani mahaluki bai auna shi ba, sai ita.

"Kowa riƙe ni yake kamar ƙwai," ta ce. "Yaya ya daina zagina, maƙwabta sun daina min gardama. Na gaji, Gidio. Ɗauko allin."

Haka ake yi a shagon tun zamanin ubansa. A shafa shuɗin alli a robar ƙota, maharbi ya sa farar riga ya ɗaga bindiga yadda ya saba, sai a sauke a duba inda shuɗin ya zauna. Egidio ya kulle ƙofa. Ornella ta cire rigar sanyi, ya rage farar shimi. Shi kuma ya mayar da robar ya shafa allin. Ta tsaya, ƙafar hagu a gaba, ta dubi wani tabo a bango, ta ɗaga. Ko a cikin wannan hali sai da ta burge shi. Bindigar ta taso ta sami kumatunta da kanta, ba ta sunkuyar da kai ko kaɗan ba, kamar jiya ta ajiye harbi.

Ta sauke. Shuɗin ya fito a farar rigar, dogo, kuma ƙasansa ya fi duhu, alamar nan ne ƙotar ta fi dannawa.

"To," ta ce. Ta janye wuyan shimin, ta kamo hannunsa ta ɗora.

Ya so ya kau da kai, ta riƙe. Yatsun Egidio suna gane ƙwarzanen da ido bai gani a cikin bututu. Su ya bari suka yi aikin. Tabon ya taso daga tsakiyar ƙirji ya yi gefe ya haura hammata, siriri, mai ɗan tauri, ɗumi gare shi. Ya yi zaton zai tarar da abu mai rauni wanda zai buɗe in an taɓa. Sai ya tarar da fata ta kama fata ta haɗe, ba gibi, ba rami, ta ma fi ta kewayenta ƙarfi. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana haɗa ƙarfe da ƙarfe, ya san duk walda komai kyanta tana nan a matsayin rauni, kuma bai taɓa ganin ƙarfen da ya ɗinke kansa ba. Wannan jikin kuwa an yanka shi har ƙashi, ya zauna a kujera bakin taga cikin sanyi yana haɗa kansa a hankali, ba wanda ya sani. Tsigar jikinsa ta tashi. Yatsunsa suka tsaya cak a kan tabon.

"Ka mutu ne?" in ji Ornella.

"Tsaya." Ya matsa yatsa sama. Tsakanin tabon da ƙashin wuya akwai wuri mai tsoka, lafiyayye, faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Ya dubi shuɗin allin, ya dubi wurin. Ƙasan robar ne kawai ke sauka a kan ɗinkin. In aka ɗaga ta kaɗan aka tura ta waje, duk shurin a tsokar zai sauka. Dalmarsa ba ta kawar da ƙotar daga tabon ba ko da kaurin gashi, dukan kawai ta rage, a wurin da bai kamata a daka ba tun farko. Kunya ta rufe shi.

"Sake ɗagawa," ya ce, da muryar da yake yi wa kowane mai gyara. "Kada ki gyara tsayuwa don ki burge ni."

"Ji shi. Wa zai burge ka?"

Ya fitar da curin gaba ya jefa a akwatin tarkace tare da ɗan'uwansa. Ya mayar da sifirin ɗinta na asali. Ya kwance ƙotar ya sa siririn ƙarfe a mahaɗarta, ta karkata waje kaɗan. Ya yanke bayanta a jirge yadda sama zai riga ƙasa taɓa jiki, sannan ya ɗauki magagari ya bi ƙasan robar yana ci, yana zagaye kaifin, baƙin gari na zuba a kan takalminsa. A shafa alli, ta ɗaga, a duba, a koma teburi. Shimin ta yi shuɗi har ba a gane sabon tabo, ta je gida ta sako wata. Washegari suka ci gaba. Da shuɗin ya hau inda yake so, ya zauna daidai ba gefen da ya fi duhu, sai ya buɗe kwalin harsashin gasa na sosai suka fita ramin yashi.

Ta harba. Ya ga kafaɗarta ta zabura baya, shi ma tasa ta zabura. Kwanso ya yi tsalle ya bugi bango. Ta sake, wani ya bi shi. Ta ɗura ta sake, ta sake. Sakatar na zuwa tana dawowa da wani sauti mai tsabta, ƙaras, ƙaras.

"Da zafi?" ya tambaya.

Ta yi ɗan jim kamar mai sauraron wani abu. "Ba komai," ta ce. "Kawo wani kwalin."

Ranar Lahadi tun da sassafe aka ɗora naman gashi a bayan rumfar filin, yana juyawa a kan garwashi ana ɗiga masa man shanu, ga tukunyar tuwon masara wani tsoho na tuƙawa yana zagin masu leƙe. Maharba sun zo daga duk garuruwan kwarin. Da Ornella ta fito daga mota, surutu ya ragu. Maza suka riƙa matsowa ɗaya-ɗaya suna "sannu da jiki, Ornella", da muryar gidan makoki. Wani ma ya miƙa hannu zai ɗaukar mata jakar harsashi. Kallon da ta yi masa ya sa ya tuna ana kiransa a wani wuri.

A tsayawar farko, wato wurin harbi na ɗaya, faranti ya fito daga hagu, mai sauƙi, irin wanda take fasawa tana hira. Ta harba ya wuce. Bindigar ta tofar ta ɗauka lafiya, kuskuren nata ne. Egidio ya ji wani a bayansa ya ja numfashi zai ce abin nan da ta tsana.

Fulvio ya riga shi. "Asara!" ya faɗa da ƙarfi, yana rubutawa. "Ke, in barci kika zo yi ga benci can. Mutane na jira."

Ornella ta juyo ta dubi yayanta. Gefen bakinta ya motsa. "Bakinka dai bai warke ba, Yaya," ta ce. Ta juya. "Saki."

Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani har yanzu suna ba da labarinsa a shagon kofi, kowa da ƙarinsa. Amma ko ba ƙari ya isa. Ba ta da saurin da, hannun dama ba ya kai bindigar da zafin nama. Sai ta daina bin faranti. Takan tsaya bindiga a ƙasa, ta bar shi ya yi tafiyarsa har mutum ya ce ya tsere, sannan ta ɗaga a natse ta aika harbin can gaba inda babu komai sai sarari, farantin ya zo da kansa ya shiga ciki. Na sama, na ƙasa, wanda ke gangarowa daga kan hasumiya, wanda ke birgima a ƙasa yana tsalle da suke kira zomo. Ba gutsurewa suke ba, narkewa suke, ƙurar ta tsaya a iska ta ɗan jima kafin ta watse. A tsayawa ta uku mutanen wasu rukunan sun bar nasu harbin sun dawo bayanta. Tsohon mai tuwo ya bar muciya a tukunya ya zo yana goge hannu, tuwon ya kama, ba wanda ya yi masa magana.

Egidio bai san faranti nawa ta fasa ba. Kunnensa na kan sakata. Kowane harbi sai ya kasa kunne har ya ji ƙaras ɗin nan, sannan ya saki numfashi. Can wajen tsakiya ya ankara ya daina saurare. Kallonta kawai yake. Shekara talatin yana ganin matar nan tana harbi, yana ɗauka ya san yadda take yi, ashe bai sani ba. Bindigar da ya san kowace ƙusa tata ta zama wani abu dabam a hannunta. Tana dukanta, tana karɓa, kafaɗar ta tafi ta dawo, kuma daga wannan dukan harsashi na gaba ke hawa. Ya ji ƙanƙantar kansa, ya kuma ji daɗin hakan.

Tsayawar ƙarshe ita ce ta bakin kwazazzabo, inda faranti biyu ke fitowa tare, ɗaya ya yi sama ɗaya ya nutse ƙasa cikin inuwar itatuwa. Nan ne gasar kan watse wa mutane. Zuwa lokacin fuskarta ta yi fari, gumi ya jiƙa gashin goshinta, kuma tsakanin harbi takan sauke bakin bindigar a kan takalmi ta huta. Ta fasa biyun farko. Ta fasa na biye. A na ƙarshe ta ɗauki na sama, ta juyo ƙasa, na biyun ya riga ya shiga inuwa har Egidio ya daina ganinsa. Ta harba cikin duhun. Ƙura ruwan lemo ta taso daga cikin ganye.

Filin ya yi tsit, sannan ya ɓarke. Wani saurayi daga Lumezzane ne ya ci kofin, da faranti biyu ya fi ta, amma shi kansa hularsa na hannu yana tafawa da ita. Fulvio ya juya baya yana fyace hanci, wai hayaƙin nama ne.

Ornella ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta buɗe sakata, ta ratso mutane ta nufo mijinta, hannun hagu dafe da kafaɗar dama. Ta miƙa masa bindigar. Da ya ga idonta gabansa ya faɗi.

"Gidio, ciwo yake min."

"Na sani! Na faɗa miki! Ina ne? Ɗinkin ne? Zo mu tafi, mota na nan, yanzu za mu kai Brescia..."

"Tsaya mana, sarkin gaggawa." Ta riƙe masa riga. "Ba ɗinkin ba ne. Saurara. Tun ranar da na farka a asibiti, daga nan zuwa nan," ta ja yatsa daga ƙashin wuya zuwa hammata, "ban san akwai jiki ba. Kamar katako aka manna min. Allura na soka da kaina ban ji ba. Likita ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila shi ke nan. Ban gaya wa kowa ba, kun riga kun ishe ni da tausayi."

Ya dubi kafaɗar, ya dubi fuskarta, bindigar na hannunsa.

"Tun tsayawa ta huɗu ya fara," ta ce. Hawaye na zuba, tana dariya. "Yanzu zugi yake kamar an zuba barkono. Danna nan ka ji."

"Ornella, a gaban mutane?"

"Danna, na ce."

Ya jingine bindigar. Ya sa babban yatsa a saman kafaɗarta, ta kan riga, ya danna a hankali.

"Wash!" Ta doke masa hannu da ƙarfi, har na kusa suka waiwayo. Ta ja numfashi, ta goge ido da bayan hannu, ta kamo yatsan ta mayar wurin.

"Sake," ta ce.